Ƙofar Da Ba A Fasa Ba

Ranar Asabar, shida ga watan Yuli na shekarar 2024, Kano ta wayi gari da ruwa. Tun bayan sallar asuba ake yayyafi, indararo na zuba a lungunan Koki, ƙasa tana ta ƙamshi. Bahijja ba ta koma barci ba. Tana cikin ɗakin da ke jikin soron gidansu, ta ci ɗamara da ɗankwali, tana sake goge ledar da ta riga ta goge jiya.

"Inna! Don Allah zo ki gani! Labulen nan ya yi, ko in sa mai ruwan toka?"

Mahaifiyarta ta leƙo da carbi a hannu. "Ke dai kin cika rawar kai. Wanda ya gan ki sai ya ce amarya za a kawo. 'Yar haya ce fa!"

"Roommate ake cewa, Inna."

"Ko ma me ake cewa. Ki bar ledar nan haka kafin ki huda ta."

Tun rasuwar mahaifin Bahijja su biyu suka rage a gidan. Da aka raba gado, rumfarsa ta littattafai a Kasuwar Kurmi ta tafi ga 'yan uwansa, gidan ya zama na Bahijja da Inna. Gida ne na ƙasa da aka yi wa shafen siminti, mai faɗi, mai shiru. Kowace damina sai ya nemi gyara, albashin koyarwa kuwa ba ya kaiwa ko'ina. Shi ya sa da aka turo wata kopa 'yar bautar ƙasa makarantar 'yan mata da Bahijja ke koyarwa, ta gan ta a ofishin malamai tana tambayar inda za ta sami ɗaki, ba ta tsaya dogon tunani ba. Sunanta Zuwaira, Bafulatana daga Gembu.

Da hantsi adaidaita ta sauke su a bakin lungu, Zuwaira da mahaifinta Malam Yero, dogon dattijo, tsohon malamin dabbobi. Bahijja ta yi ta nuna masa fanka, da soket ɗin caji, da randar ruwa. Bai kalli ko ɗaya ba.

"'Yata," ya ce, "ta ina ake shiga ɗakin nan?"

"Ta soro, Baba. Sai an shigo tsakar gida, an wuce ƙofar Inna, sannan a juyo."

"Babu wata hanya?"

"Babu."

Sai a lokacin ya yi murmushi. "To, na yarda. Duk mai son ganinta sai ya wuce ta gaban Hajiya. Ga ta nan, amana na ba ku, har ta gama shekararta. In wani abu ya canza, ki rubuto mini takarda. Can kan dutse sabis ɗin waya sai an hau tudu, ni kuma na fi son maganar da zan riƙe a hannu."

Ya rubuta mata lambar akwatin gidan waya a bayan wani kati, ya yi musu addu'a, ya tafi.

Kafin wata ya ƙare gidan ya canza. Zuwaira ta ƙi yarda ta ajiye risho a ɗakinta, ta ce ita ba ta iya cin abinci ita kaɗai ba, don haka tukunya ta zama ɗaya. Tana kiran Bahijja Adda, wato yaya a bakinsu. Ta koya wa Inna shan shayin Mambila, Inna ta koya mata dambun shinkafa, Zuwaira ta ƙona na farko ƙurmus, suka yi dariya har maƙwabta suka aiko a ji ko lafiya. Inna da ta saba kwanciya da ciwon kai bayan la'asar, yanzu ita ke cewa a kunna musu fim.

Akwai mutum ɗaya da Bahijja ta ƙosa ya ga wannan canji, wato Tajuddeen. Injiniyan gine-gine ne, ɗan unguwar Dala, kuma sun daɗe suna son juna. Manya sun san da maganar, saura kawai danginsa su zo a sa rana. Mutum ne mai fara'a da gaggawa, kowace matsala a wurinsa zane ce da za a gyara da fensir. Ranar da ya fara jin labarin Zuwaira har tafi ya yi.

"Kin ga business woman! Hajiya mai gidan haya!"

Amma wata Juma'a da yamma ya zo zance fuskarsa ba walwala. Ya zauna a kan tabarmar soro yana juya makullin mota.

"Bahijja, Gwaggo ta ji."

 Gwaggo ita ce yayar mahaifinsa, ita ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsa, kuma a gidansu ko Alhaji, mahaifin nasa, ba ya tsallake maganarta.

"Ta ji me?"

"An je an gaya mata kun sa 'yar haya, wai wata kopa mai yawo da wando. Ta ce tun kakanninmu ba mu taɓa ɗauko mata daga gidan haya ba, kuma ba a kanta za a fara ba. Ko yarinyar ta tashi, ko babu mai zuwa sa rana."

"Amma ai ba ta san Zuwaira ba!"

"Na sani, na sani. Ki saurara, akwai mafita mai sauƙi. Mu ce 'yar uwarku ce ta wajen Inna, riƙonta ake yi. Wa zai je Gembu bincike?"

Bahijja ta ɗago ta dube shi. "In fara zama da danginka da ƙarya?"

"Ba ƙarya ba ce sosai..."

"Ƙarya ce, Tajuddeen. Haya take, tana biya. Kuma ba zan tashe ta ba, ubanta a hannuna ya sa ta."

"To ni fa? Ni a hannun wa aka sa ni?"

Bahijja ta miƙe. Ta shige gida, ta faɗa kan gadon Inna ta fashe da kuka. Inna ta yi ta shafa bayanta, ita ma idonta ya kawo ruwa. "Ni dai ban san abin da zan ce ba," ta ce a hankali. "Auren nan nake roƙon Allah ya nuna mini. Yarinyar nan kuma, wallahi ta shiga raina."

Magana ba ta ɓuya a gida mai tukunya ɗaya. Washegari Bahijja ta tarar da Zuwaira ta sauko da akwatinta tana ninke kaya.

"Me kike yi haka?"

"Adda, akwai ɗakin kopas a Gwammaja, za su matsa mini. Ba zan zama sanadin fasa aurenki ba. In na yi haka da wane ido zan kalli Inna?"

"Mayar da akwatin nan! Ɗakin da kika ce maza da mata ƙofa ɗaya suke shiga? Can zan ce wa Baba na kai ki?"

"To ki rubuta masa ya zo ya ɗauke ni."

Bahijja ta gwada. Ta ɗauko takarda ta rubuta sallama da gaisuwa, ta rubuta "Baba, ina mai baƙin cikin sanar da kai", sai alƙalamin ya tsaya. Ta ninke takardar ta tura ƙarƙashin filo. Makonni suka wuce a haka. Tana zuwa makaranta, tana dawowa, tana tashi sallar nafila tana roƙon zaɓin Allah. Ba ta kira Tajuddeen ta yi masa gori ba, ba ta kuma aika wa Gwaggo kowa ba. Ta rame, har ɗalibanta suka fara tambaya ko Malama ba ta da lafiya.

Sai ga saƙonsa wata Alhamis: "Na samo mafita! Surprise ne. Ki shirya murna ranar Asabar!" Ta kira, ya ƙi faɗa, sai dariya yake. Ashe ya riga ya biyo ta gidan tana makaranta. Inna kuwa, saboda kunyar suruki, ba ta taɓa zama gaba da gaba da shi ba. Daga bayan labule ta amsa gaisuwarsa, ta ji ya ambaci aikin bango da magina, ta ɗauka tsagewar da damina ta yi zai gyara. Ba ta iya tambayarsa dalla-dalla ba, ta ce Allah ya yi albarka.

Ranar Asabar da safe suna karyawa, sai suka ji dum! Kwanukan da ke kan kantar Zuwaira suka yi ƙara. Dum! Ƙasa ta zubo daga bangon ɗakinta.

"Innalillahi! Gini ne zai faɗi?" in ji Inna.

Bahijja ta zari hijabi ta yi waje ba takalmi. A cikin lungu ta tarar da taro, yara da matasa da masu wucewa. An zana ƙofa da alli a jikin bangon gidansu, tsawonta da faɗinta, har da inda mariƙi zai zauna. Ga sabuwar ƙofar ƙarfe mai ruwan ƙasa a jingine, ga buhun siminti. Wani magini, Ɗayyabu, ya ɗaga diga zai sake kai sara. Tajuddeen na gefe da hular kwano ta aiki, fuskarsa kamar an yi masa albishir da Makka.

"Surprise!" ya ce. "Kin gani? Self-contain! Mu fasa mata ƙofa ta waje, mu toshe ta ciki. Ɗakinta daban, gidanku daban. Ita ba ta tashi ba, ku kuma ba gidan haya ba. Kowa ya huta! Na ma aika a ɗauko Gwaggo ta gani da idonta."

Bahijja ta matso gaba. Ta ratsa mutane ta je ta jingina bayanta da bangon, daidai tsakiyar zanen allin, ta buɗe hannuwa.

"Malam Ɗayyabu, ajiye digar nan."

Maginin ya dubi Tajuddeen. "Injiniya, ni fa ban iya fasa bango da mutum a jiki ba."

"Bahijja, mene ne haka? Mutane na kallo!"

"Su kalla. Ka dube su da kyau, Tajuddeen. Ka ga bencin can na masu shayi? Ka ga majalisar samarin can? Nan za ka buɗe wa budurwa ƙofa, ita kaɗai, ta shiga ta fita ba mai gani sai su? Ka san sunan da za a sa mata kafin sati ya zagayo. A unguwar nan ka girma!"

"Haba, wane zamani muke? A sababbin unguwanni kowa haka yake yi!"

"Nan Koki ne."

"Saboda ke na yi! Saboda mu!" Muryarsa ta tashi. "Kin fi son a fasa auren a kan a fasa bango?"

Hawaye suka zubo mata, amma ba ta matsa ba. "Allah ya sani ba na so a fasa. Amma ubanta bai tambaye ni fanka ba, bai tambaye ni ruwa ba. Ƙofa kaɗai ya tambaya."

Daidai nan adaidaita ta tsaya a bakin lungu. Wata gajeriyar tsohuwa ta sauko da farin mayafi da lema a hannu. Mutane suka dare. Gwaggo ta tako a hankali tana tsallake taɓo, ta dubi ƙofar ƙarfe, ta dubi zanen alli, ta dubi ramin da diga ta fara yi, ta dubi yarinyar da ke tsaye ba takalmi.

"Kai, Tajo. Mene ne wannan?"

Ya cire hular kwano ya durƙusa, ya shiga bayani da zumuɗi, har da nuna mata zane a waya. Tana ji tana gyaɗa kai. Da ya kai ƙarshe ta ce, "Wato ɗakin yarinyar ne za ka fasa wa ƙofa ta lungu."

"Ƙwarai, Gwaggo!"

"Budurwa."

"E, Gwaggo."

Ba wanda ya ga lokacin da lemar ta tashi. Fau! a kafaɗarsa.

"Ƙofar waje! Ga 'yar mutane!" Fau! "A ina ka taɓa ganin an yi haka a cikin gari? Wannan ne karatun da aka tura ka? Da 'yarka ce za ka ajiye ta a bakin titi kamar mai shagon caji?"

"Gwaggo, ai ke kika ce..."

"Na ce ka fasa bango? Rufe mini baki!"

Yara suka kwashe da dariya, Ɗayyabu ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Gwaggo ta gyara mayafi ta dubi Bahijja. "Ke kuma wuce mu shiga. 'Ya mace a waje ba takalmi!"

Gwaggo ta bi ta soro, ta shiga tsakar gida, ta lura sai da ta wuce ƙofar Inna kafin ta ga ɗakin. Aka shimfiɗa mata darduma. Idonta ya sauka kan tiren karin kumallo da aka bari, kwano ɗaya, cokula uku. Zuwaira ta zo ta durƙusa nesa, kanta a ƙasa.

"Wannan ce kopar?"

Inna ta rikice. "Ai... Hajiya, kusan 'yar uwa ce, kamar riƙo ne dai..."

"Haya take, Gwaggo," in ji Bahijja a hankali. "Tana biya duk wata. Ni na kawo ta."

 Gwaggo ta daɗe tana kallonta, sannan ta juya ga Zuwaira. "Ke, ina wandon?"

"Na'am?"

"An ce mini da wando kike yawo."

"Na gwamnati ne, Gwaggo. Ranar Alhamis kawai ake sa mu sawa, kuma hijabina har ƙasa yake. Wallahi ni ma ba sonsa nake ba, ko aljihun kirki ba shi da shi."

Gwaggo ta danne wani abu da ya so ya zama dariya. Ta tambaye ta garinsu, da wanda ya kawo ta, da abin da ubanta ya ce. Zuwaira ta faɗa mata duka, har tambayar ƙofa.

"Dattijon arziki," in ji Gwaggo. Ta koma kan Bahijja. "An gaya miki abin da na ce? Ko ita ko auren?"

"An gaya mini."

"Kuma kika je kika tsaya a bangon."

"Amana ce, Gwaggo."

"Ba kya son yaron nawa ke nan."

Bahijja ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan hijabinta. 

Gwaggo ta yi ajiyar zuciya. "Hajiya, bari in gaya miki abin da nake gudu a gidan haya. Gidan da kowa da ƙofarsa, kowa da tukunyarsa, ba wanda ya san wa ya shiga, wa ya fita, ba babba ba yaro. Shi na ƙi. To ga shi na zo na tarar babu shi a nan, sai wancan sakaran ne ya ɗauko magina zai gina mini shi da hannunsa!" Ta ɗaga murya. "Tajo! Kana soro ina jin numfashinka. A toshe ramin nan yau, a shafe allin nan. Ƙofar kuma ka san inda za ka kai ta."

"To, Gwaggo," aka amsa daga soro, murya ƙasa-ƙasa.

"Ban ce na yi kuskure ba fa," ta ƙara, tana kallon kowa ɗaya bayan ɗaya. "Bincike na zo yi, na kuma yi. Yarinyar da ta riƙe 'yar wani haka, ta ƙi yi mini ƙarya alhali uwarta ma ta buɗe mata hanya, ita nake so ta riƙe mini jikoki. Juma'a mai zuwa Alhaji zai turo a sa rana. Sharaɗina ɗaya: wannan mai wandon ba inda za ta. In mun ɗauke Bahijja, wa zai zauna da ke, Hajiya?"

Inna ta rufe fuska da mayafi tana kuka tana hamdala. Zuwaira ta manta da kunya, ta yi tsalle ta rungume Bahijja. "Adda! Adda, za a sa rana! Wayyo Allah, ni ce babbar ƙawa!" Ta saki guɗa irin ta garinsu, har masu shayi suka jiyo.

"A zuba mini shayin nan da ake ta ba ni labari," in ji Gwaggo. "Tun safe yaron nan ya hana ni karyawa."

Da yamma, bayan Ɗayyabu ya toshe ramin, Tajuddeen ya dawo soro yana murza kafaɗa. 

"Na auna komai," ya ce, "tsawo, faɗi, kaurin bango. Ban auna abin da zai same ta ba. Ki yafe mini, Bahijja. Da maganar ƙaryar nan ma."

"Na yafe. Kafaɗar fa?"

"Lemar nan ƙarfe ce zalla, wallahi. Zan saya mata ta roba."

Ta yi dariya, irin wadda ta daɗe ba ta yi ba.

Haka Allah yake yi wa mai haƙuri. Da Bahijja ta tashi baƙuwarta, ko ta yarda da ƙarya ɗaya, ko ta bari an fasa bangon, da wataƙila an sa ranar, amma da ta shiga gidan miji da abin da za ta riƙa ɓoyewa. Wanda ya sa mutum a ɗakinsa, ba ɗaki kaɗai ya bayar ba, ya ɗauki nauyin mutuncinsa. Ta riƙe wannan nauyi lokacin da yake da tsada, sai ya zama shi ne ya buɗe mata ƙofar da take tsoron ya rufe.

Ranar Litinin ta zaro tsohuwar takardar daga ƙarƙashin filo ta yayyaga, ta ɗauko sabuwa. Ta rubuta wa Malam Yero cewa abu ɗaya ne ya canza: an kusa sa ranar aurenta, ana gayyatarsa, kuma Zuwaira za ta ci gaba da zama da Inna. A ƙasa ta ƙara layi ɗaya: "Baba, har yanzu ta soro ake shiga."

Bayan an tashi daga makaranta ita da Zuwaira suka hau adaidaita zuwa gidan waya. Duk cikinsu babu wadda ta taɓa aika wasiƙa, sai da ma'aikacin ya nuna musu kusurwar da ake manna kan sarki. Zuwaira ta ce ita za ta jefa, Bahijja ta ce ai ita aka ce ta rubuto. Suka kama ambulan ɗin tare, kowa da gefensa, suka yi bismillah, suka tura shi cikin akwatin.